Ɗigon da ke Tsakiyar Madubi

Zuwa ga Sarkin Tarkace,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da jikoki. Yaya gwiwar nan taka? In har yanzu kana hawa saman rufi da ita, to kada ka kawo mini ƙara. Mu nan lafiya lau, sai aiki. An ƙara wa asibitinmu gadaje amma ba a ƙara wa ɗakin wanki hannu ko ɗaya ba, ni kuwa da ake kira shugaba har yanzu ni ke bin zannuwan gado da ido ina neman tabo.

Na san za ka ce yau kuma me ya tuna mini da kai, tunda rabonmu da haɗuwa tun auren autarka. To taubashi, abin nemanka ne ya faɗo hannuna. Ranar hutuna na shiga layin masu tsofaffin kaya neman marfin tukunya, sai na hango wani akwatin fata zagayayye a ƙarƙashin tebur, kusa da wata ƙafa uku ta katako. Na sa mai kayan ya buɗe. Madubi ne kamar faɗin faranti ƙarami, cikin zoben ƙarfe, da ɗan madanni a bayansa, da wani siririn sanda da ake ɗaurawa a gaba. Ya ce na sojojin da ne, da hasken rana suke aika magana da shi daga dutse zuwa dutse.

Nan take na tuna ɗakinka. Fitilun nan masu murfi da ke buɗewa suna rufewa, tutocin da ka nannaɗe kamar jarirai, da madubinka ƙwaya ɗaya na cikin kabad, wanda na ce ka ara mini in gyara ɗaurin ɗankwali ka kusa suma. Ranar ka ce mini shi kaɗai ba ya aiki, sai da ɗan'uwansa. Ina jin wannan ne ɗan'uwan.

Sai dai ya sha wuya. Gilashin ya yi dabbare-dabbare, gefensa ya yi baƙi, a tsakiya ma akwai wani ɗigo da shafen ya fita gaba ɗaya, har kana hango yatsanka ta baya. Na ce wa mai kayan ya ajiye mini. Na kira wayarka ya fi a ƙirga, a kashe. Mutum ya cika ɗaki da kayan aika saƙo amma ba a samunsa. Ka rubuto da wuri in kana so.

Taubashiyarka mai wanki.

*

Zuwa ga Uwar Wanki,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Uwargida tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko hawan jinin ya sauka. Gwiwa tana nan, mun yi sulhu da ita: in na hau rufi da safe, da yamma in zauna mata. Maganar waya kuwa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi a gidan waya ba zai koma latsa gilashi da tsufansa ba. Tana cikin aljihun tebur, ba ta dame ni ba, ban dame ta ba.

Da na karanta bayanin akwatin nan sai da na tashi tsaye na sake zama. Shi ne. Ki saya, don Allah ki saya. Kuma bari ki ji dalili, domin wannan karon ba don kabad nake nema ba.

Kin tuna Saje, maƙwabcina, tsohon sojan sashen aika saƙo, wanda ya ce miki gugar rigarsa ta fi ta asibitinku? Shi ya koya mini duk abin da na sani. A ƙofar gidansa, da cokali yana buga benci, ya koya mini haruffan dogo da gajere har suka zauna mini. Bara kunnensa ya tafi gaba ɗaya, ƙafa ma ta ƙi, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta a ƙetaren kogi, can saman wani dogon bene. Waya ba ta da amfani gare shi. Zuwa wurinsa mota biyu ne da matakala mai yawa, gwiwata ba ta ba ni izini sai sau ɗaya a wata. Mutumin da kullum muke tare.

Amma Allah da ikonsa, daga saman rufina ana hango barandarsa. Yana arewa da ni, don haka ranar hantsi tana zo mana duka ta gefe, yadda ake so. Kullum nakan kafa madubina in aika masa labarin unguwa: wa ya haihu, wa ya tashi, akuyar wa ta shiga shagon tela. 'Yarsa ta ce yana zama ya kalla har in gama. Sai dai ba shi da abin amsawa. Tuta ba ta ganuwa a nisan nan, fitila kuma ba ta da ƙarfi da rana. Ni kaɗai nake surutu kamar rediyo.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ana wani gini a bakin kogi, daidai tsakanina da shi. Kowane mako yana ƙara tsawo. Ranar da ya tare mana hanyar hasken, shi ke nan. Ina so ko sau ɗaya in ga Saje ya amsa mini kafin su rufe.

Yanzu ki buɗe kunne, don na san halinki, ba kya ganin tabo ki wuce. Kada ki goge, kada ki wanke, kada ki kai wa kowa. Ɗigon nan na tsakiya ba lalacewa ba ne, da gangan aka bar shi. Ta nan ake leƙawa a saita madubin kan wanda ake wa magana, kuma inuwarsa ce ke faɗawa kan sandan gaba ta nuna cewa hasken yana tafiya daidai. In babu shi, madubin aski ne kawai. Dabbare-dabbaren kuma shekarunsa ne, su ne darajarsa. Ki naɗe shi a tsohon tawul ki aiko yadda yake.

Naki, Sarkin Tarkace, kuma ina alfahari da sarautar.

*

Zuwa ga Sarkin Tarkace,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Mu nan alhamdu lillahi, sai ɗan mura da ya zaga gidan ya wuce. Gai da uwargida.

Shiru kake ji, kusan wata guda ba amsa. Mai kayan ya fara cewa wani ya taya, ni kuwa na san in ya kuɓuce har kabari za ka bi ni da mita. Don haka na saya, har da ƙafa ukun. Kada ka yi maganar biya, kyauta ce, ka ɗauka ladan wasan da kakanninmu suka bar mana.

Kuma tunda kyauta ce, ba zan aiko maka abu da datti ba. Fatar dai ban taɓa ba, na san ku masu tarkace kuna son ƙurarku. Amma gilashin na kai wa wani mai madubi a bayan asibiti, dattijo mai hannu, shi ke mana na banɗakunan majinyata. Ya kankare tsohon shafen tas ya zuba sabo. Ɗigon tsakiyar nan har dariya ya ba shi, ya ce bai taɓa ganin madubi ya ci daidai a cibiya ba. Yanzu babu shi, sumul. Da na fito da shi rana sai da na kare idona.

Na ba direban motar kaya da ke zuwa wajenku, zai sauke maka a shagon tela na bakin layinku. In ka buɗe ka yi mini addu'a, kuma ka yarda yau mai wanki ta yi wa mai tarkace rana.

Taubashiyarka.

*

Zuwa ga 'yar'uwa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kuna lafiya.

Saƙo ya iso. Na buɗe, na gani. Na gode da ɗawainiya.

Ɗan'uwanki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da uwargida. Lafiyar jiki dai akwai.

Takardunka biyu rana ɗaya suka shigo hannuna. Doguwar ashe tana ɗakin masu gadi tun tuni, sun cusa ta cikin takardun ɗakin magani, sai da ake share wurin aka kawo mini. Na karanta ta a tsaye gaban injin matsa kaya. Da na kai wurin ɗigon nan sai na nemi kujera na zauna. Garin gyaran gira na tsone ido. Sannan na buɗe gajerar.

Tun muna yara ba ka taɓa ce mini 'yar'uwa ba. Ka ce mini Uwar Wanki, ka ce mini Mai Kumfa, ranar da na ƙona maka riga ma ka ce mini Gobara. Yau kan gilashi na zama 'yar'uwa, da na gode da ɗawainiya kamar wadda ta kawo maka takardar haraji. Wallahi ya yi mini zafi. Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi ɓarna, ban musa ba, ka yi haƙuri. Rashin sani ne, kuma da wayarka tana kunne da magana ɗaya ta raba mu da wannan. Na koma wurin mai madubin, ya ce tsohon shafen ya bi ruwa, ba mai dawo da shi.

Amma bari in tambaye ka, tunda dai an riga an ɓata. Ka ce ba don kabad kake nema ba, don Saje ne. To wanne kake wa makoki, ɗigon ko dabbare-dabbaren? In ɗigon ne, ni a aikina na san sanya tabo ya fi cire shi sauƙi. Ba za a iya kankare ɗan wuri a tsakiya ba? In kuwa shekarun kake wa kuka, to Saje ba shekaru zai aiko maka ba. Kana can kana fushi da ni, magina kuwa ba su san kana yi ba, bulo suke ɗorawa.

Ka rubuto ko da faɗa ne.

Ni ce dai, ko ka kira ni da me.

*

Zuwa ga Uwar Wanki, Mai Kumfa, Gobara,

Assalamu alaikum. Ga sunayenki duka na dawo miki da su, ki zaɓa. Muna lafiya ƙalau. Uwargida ta ce in gaya miki ita tana bayanki tun farko, kuma gaskiya ne, don kwana da kwanaki ba ta ba ni shayi da fara'a ba. Jikar nan tamu ta fara tafiya. Gwiwa ta sha aiki makonnin nan, za ki ji dalili.

Na jima ban amsa ba saboda ina so in rubuto da labari a hannu. Gajerar takardar nan kuwa, na rubuta ta ne akwatin yana buɗe a gabana, raina a ɓace, na ga in na ƙara layi ɗaya zan faɗi abin da zan yi nadama. Ban san taƙaitawar za ta fi faɗan ciwo ba. Ki yafe.

Da takardarki ta zo na karanta na ce wannan yarinya ba ta da kunya. Na sake karantawa, na ɗauki akwatin da ƙafa ukun na shiga mota.

Na tarar da Saje a baranda, an lulluɓe masa ƙafa da bargo. Na rubuta masa a takarda abin da ya faru, na miƙa masa madubin ina jiran ya taya ni baƙin ciki. Ya juya shi, ya ɗaga shi ga rana, hasken ya faɗa silin kamar an kunna fitila. Ya dube ni ya ce, da muryar nan tasa ta wanda ba ya jin kansa, “Wa ya yi wannan aikin? Allah ya yi masa albarka.” Na rubuta masa, ai an kashe ɗigon. Ya ce, “To kai ba ka da allura a gidanku?”

Ya sa 'yarsa ta kawo zare da allurar ɗinki babba. Ya cire gilashin daga zoben, ya gicciya zare biyu a bayansa ya samo tsakiya, ya fara kankarewa a hankali yana hura ƙurar. Ni na kasa kallo, na juya ina duban kogi. Kafin shayin da aka kawo mini ya huce ya gama. Ya ce a zamaninsu in madubi ya dushe mayar da shi ake a karɓo sabo, ba wanda ke ajiye makahon madubi don tsufansa. Na yi kamar ni ne kurman.

Muka kafa ƙafa ukun a baranda, muka ɗaure ta da igiya jikin ƙarfe saboda iska, ya leƙa ta ɗigon ya saita kan tankin ruwan rufina. Na koma gida ina jin kamar yaron da aka yi wa alkawarin keke.

Washegari da hantsi na hau. Na kafa nawa, na aika sallama. Sai ga haske daga ƙetaren kogi, fari fat, kamar tauraro ya sauko baranda. Taubashiya, Saje ne. Na ɗauki fensir ina rubuta haruffan. Kalmar farko da Saje ya aiko mini bayan shekara guda ita ce: Sake.

Na sake. Ya ce, Sake. Na sake a hankali, harafi harafi. Sai ya fara aiko da dogon saƙo, hannunsa tsaf kamar bai taɓa barin aiki ba. Ga abin da na rubuta, takardar tana gabana:

Madubinka ya tsufa kamar idona. Ina ganin abu yana ƙyafta amma tun da ka fara ban karanta ko kalma ɗaya ba. Ban faɗa ba don na san yadda kake ji da shi. Ina zama ne don na san kana can.

Na zauna a kan bulon da nake ɗora fensir. Duk haihuwar nan, duk akuyar nan da shagon tela, watanni ina zuba, ashe mutumin yana zaune cikin rana ne kawai yana kallon ƙyaftawa don kada in ji ba daɗi. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Uwargida ta leƙo ta ga halin da nake ciki ta koma.

Kin san madubin nan nawa. Shafensa na asali ne, ba wanda ya taɓa shi tun daga masana'anta. Wani mai tara irin kayan nan ya yi tafiyar yini guda don kawai ya gan shi, ya tsaya gaban kabad kamar mai gaisuwa. Na sauko da shi, na ajiye a tebur, na daɗe ina kallonsa. Na leƙa taga, injin ɗaga kayan ginin nan yana juyawa da wani dogon ƙarfe.

Da la'asar na naɗe shi a tawul na tafi wurin mai madubi na kasuwarmu. Na ce ya kankare ya zuba sabo. Ya ce, “Baba, har da ɗan tabon nan na tsakiya zan rufe maka.” Na ce in ka rufe shi sai na rufe shagonka. Na tsaya a kansa, na sa ya manna ɗan kakin zuma a wurin kafin ya zuba, ban matsa ba har ya gama. Lokacin da tsohon shafen ke bin ruwa zuwa kwata na ji kamar haƙorina ake cirewa, amma ban ce ya tsaya ba.

Da ya bushe, washegari da hantsi na hau na aika sallama. Amsa ta zo nan take: Yanzu na gan ka. Sai ya ƙara: Hannunka yana gaggawa, dogonka bai cika ba. Kin ji malami. Shekara guda ba mu yi hira da haruffan nan ba, da gyara ya fara.

Tun ranar kullum muna yi. Ya sa na sake ba shi labaran da na aika a banza, tun daga farko, kuma ya ce akuyar ce ke da gaskiya. Yana ba ni labarin tantabarun da ke sauka barandarsa, ya sa musu muƙamai, akwai wata da ya rage wa girma saboda rashin ɗa'a. 'Yarsa ta ce yanzu da kansa yake neman a aske shi da safe. In gajimare ya zo sai mu jira. In hannun injin nan ya gitta sai ya yanke mana kalma a tsakiya, Saje ya ce, Sake, in sake.

Ginin ya kai inda nake ganin hulunan magina daidai ƙasan barandarsa. Na tambayi mai kula da aikin, ya ce saura hawa biyu. Wata ɗaya ke nan, ko ɗan fiye in siminti ya yi musu wuya, kuma Allah ya gani ban taɓa yi wa siminti addu'ar tsada ba sai bana. Na gaya wa Saje. Ya ce, To daina ɓata rana da maganar gini, ba ni labari.

Ya ba ni saƙo gare ki, na rubuta yadda ya aiko: Gai da mai wanki. Madubinta ya fi naka haske har yanzu. Gugarta dai ban yarda ba.

Wurin da madubin yake a kabad ya zama fili, don yanzu a bakin matakala yake kwana kusa da takalmana. Uwargida ta riga ta jera kofunanta a wurin. Wayar ma na kunna, tana kan tebur, sai dai ban yi alkawarin ɗauka ba.

Zan tsaya nan. Rana ta hau katangar maƙwabci, kuma Saje ba ya son a makara.

Naki har kullum,
Sarkin Tarkace.